Kaluluwar da Saude Ta Binne

A ƙauyen da ke bayan babban kanal, a kan hanyar da ta tashi daga Bunkure ta nufi Kadawa, babu wanda bai san Gwaggo Saude ba. Ungozoma ce. Rabin mazan da ke fita ban ruwa da sassafe a hannunta suka faɗo duniya, kuma duk wanda ya kuskura ya yi mata rashin kunya sai ta tuna masa da haka a gaban jama'a. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu sai ta tattara komatsanta ta dawo gidan ƙanenta Malam Hashimu, wanda dama ita ta goye shi tun ranar da uwarsu ta bar duniya yana rarrafe. Yanzu ga shi da furfura a gemu, shi ma tasa matar ta rasu, amma a idon Saude har gobe yaron nan ne da take ɗura wa koko yana tofarwa.

To, wannan Hashimun ne wani abu ya fito wa a wuya.

Da fari ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin muƙamuƙi. Saude ta taɓa, ta ce kaluluwa ce, wataƙila haƙori ne ya jawo ta, za ta sace da kanta. Ba ta sace ba. Aka yi dashen tumatir, aka zuba taki, aka shiga feshi, abu sai ƙaruwa yake har ya kai girman ƙwan zabo. Ba zafi, ba ruwa, ba komai. Hashimu cewa yake abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne. 'Yarsa Mubina, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti a birni, ita ce hankalinta ya tashi ranar da ta zo gida ta gani. Ta ce rashin ciwon nan shi ne abin tsoron. Ta bi shi da lallashi, ta bi shi da kuka, har ya yarda a cire. Amma ya rantse ba zai bar tumatirinsa ya je ya yi zaman layi a birni ba, don haka Mubina ta yi magana da wani likita a wani ƙaramin asibiti nan kusa, aka sa rana.

Ranar aikin Mubina ba ta samu fitowa daga wurin aiki ba. Dalhatu, maƙwabcin gonar Hashimu, shi ya kai shi a babur, shi ya dawo da shi bayan la'asar. Hashimu ya shigo yana tangaɗi saboda allurar da aka yi masa, wuya naɗe da bandeji, ya faɗa gado. Dalhatu kuwa ko zama bai yi ba. An sako ruwa a ɓangarensu, kuma wanda bai tare nasa ba sai ya jira wani zagayen. Ya miƙa wa Saude baƙar leda daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya Saude, ga kayan asibiti. Allah ya ƙara sauƙi." Kafin ta amsa ya tayar da babur.

Ta zauna a tabarma ta zazzage ledar. Ga ƙwayoyin magani, ga auduga, sai kuma wata kwalba mai jan murfi. Ta ɗaga ta ta duba a hasken rana. A cikin wani ruwa mai kama da ruwan sha, wani ɗan dunƙulen nama ne ke lilo, fari-fari da jirwayen jini.

Gabanta ya faɗi. Ba sai an gaya mata ba, ta san naman wane ne.

Ta buɗe murfin. Wani wari ya bugi hancinta, ya shige mata idanu har hawaye suka zubo. "A'uzubillahi!" Ta kawar da kai tana tari. Sai kuma ranta ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai. Haba! Naman mutum, naman musulmi, a jiƙa shi a ruwan wari kamar ƙirgi a majema? A jefa shi cikin leda tare da ƙwayoyi, a ba mai babur? Mutanen asibitin nan dai ba su da ta ido. Ita da ta yi shekara da shekaru tana karɓar haihuwa, ba ta taɓa barin mabiyiya ta kwana a waje ba. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, ko farce ne, ƙasa ce makomarsa. Haka uwarta ta koya mata, haka ta ji malamai na faɗa, kuma ba ta taɓa jin wanda ya ce ba haka ba.

Ta tsiyaye ruwan warin a kwata. Ta wanke naman tas da ruwa mai kyau, a hankali, yadda take wanke jariri. Ta yago farin ƙyalle daga sabon yadin da ta ajiye, ta naɗe shi. Sannan ta ɗauki fartanya ta zaga bayan ɗaki, gindin zogale, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa saboda ruwan kanal da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin katanga. A nan ta binne mabiyiyar Mubina shekarun baya. Ta haƙa rami mai ɗan zurfi, ta yi bisimilla, ta sa, ta rufe, ta daddanna da tafin hannu. Ta yi addu'a Allah ya sa iyakar cutar ke nan. Da ta miƙe sai ta ji zuciyarta wasai. Kwalbar kuwa ta wanke ta da sabulu ta kife, don kwalba mai murfi irin wannan ba abar yarwa ba ce.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, wallahi. Wa ke shelar ya binne abin da ya kamata a binne?

Washegari Mubina ta kira ubanta a waya. Saude na tsakar gida tana jin sa yana cewa, "Kwalba? Tana nan mana. Gwaggonki ta kimtsa komai." Saude ta gyaɗa kai tana tankaɗe. Gaskiya ya faɗa, kwalba tana nan.

Mubina ba ta yi gaggawar zuwa ba, don ta san nama in yana cikin wannan ruwan ko wata zai yi ba ya lalacewa. Sai da mako ya zagayo, ya ɗan gota, sannan ta iso wata Asabar da hantsi, da burodi da lemo a hannu, fuskarta a sake. Rabon da Saude ta ga yarinyar nan tana dariya haka tun kafin abin ya fito. Ta gaida ubanta, ta duba ɗinkin, ta ce ya yi kyau. Sannan ta zauna kusa da gwaggonta a tabarma ta ce, "Gwaggo, mun yi sa'a. Maganin gwajin da muke ta jira ya iso. Daga ƙasar waje ake kawo shi, cikin ƙanƙara, a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsana ba. Mutane na ta jira, amma shugabanmu ya ce in kawo na Baba a haɗa."

"Magani kuma? Ai an riga an cire."

"Ba na sha ba ne, na gani ne. Bari in gaya miki." Mubina ta gyara zama. Tana son aikinta, yarinyar nan, in ta fara maganarsa har hannu take kaɗawa. "Jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne, ido ba ya ganinsu. Kuma kowace da ajalinta, Gwaggo. In ta tsufa, ko ta lalace, ita da kanta take kashe kanta, a share ta, wata ta maye gurbin. Yanzu haka da muke zaune, dubbai na mutuwa a jikinki, shi ya sa kike lafiya."

"Ikon Allah," in ji Saude. "Har su ma da ajali."

"Har su. To, akwai wani sinadari, furotin muke ce masa, da ke hana su mutuwar. In ya yi yawa inda bai kamata ba, sai ƙwayoyin su ƙi mutuwa, su yi ta taruwa, su yi ta taruwa. Wani nau'in ciwon daji na kaluluwa ke nan. Matsalar ita ce, a ido, kaluluwar daji da kaluluwar banza kusan kamarsu ɗaya. Shi ne ake amfani da wannan abin da ya iso. Antibodi sunansa. Irin garkuwar nan ce da jiki ke yi, amma wannan a jikin zomo aka samo shi."

"Zomo? Zomon da muka sani?"

Mubina ta yi dariya. "Shi fa. Kuma abu ɗaya tak ya sani a duniya, wannan furotin ɗin. In ya gan shi sai ya maƙale masa kamar ƙarangiya a zane. Za mu yanka naman siriri, ya fi bawon albasa sirantaka, mu ɗora a gilashi, mu ɗiga masa. Duk inda ya maƙale sai wurin ya koma ruwan ƙasa." Ta ciro wayarta ta nuna mata hoto. Saude ta ga wasu da'irori, tsakiyarsu shuɗi-shuɗi. "Kin ga wannan? Tsakiya ba ruwan ƙasa. Ƙwayoyin na mutuwa yadda ya kamata, lafiya ke nan." Ta shafa wayar, wani hoton ya fito, da'irorin cike da ruwan ƙasa. "Wannan kuma sun ƙi mutuwa. In na Baba haka ne, akwai magani, kuma in an fara da wuri mutum na shekaru yana nomansa. In kuma irin na farko ne, shi ke nan, mu yi sadaka mu huta. Yau dai zan tafi da shi. Ina kwalbar?"

Saude ta gane abin da ta aikata tun lokacin da yarinyar ta ce za mu yanka naman. Amma ƙafafunta suka tashi da kansu. Ta shiga ɗaki, ta ɗauko kwalbar, ta fito ta miƙa. Tsaf da ita, har ƙyalli take.

Mubina ta karɓa. Ta juya ta. Ta buɗe murfin ta leƙa, kamar wani abu zai iya ɓoyewa a ciki.

"Gwaggo, ina abin da ke ciki?"

"Na binne shi."

"Kin me?"

"Na yi masa sutura na binne shi, 'yar nan. A gindin zogale. Naman ubanki ne fa."

Da Mubina ta yi ihu, da ta zage ta, da Saude ta fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dai tsaya tana kallon gwaggonta. Sannan ta tashi a guje ta zaga bayan ɗaki, ko takalmi ba ta sa ba. Saude ta bi ta da fartanya, amma yarinyar ta riga ta durƙusa tana tonon ƙasa da hannu, sabon leshinta cikin taɓo. "Nan? Nan ne?" Saude ta nuna mata da yatsa.

Ƙyallen ya fito ya rine da ƙasa, gara ta ci gefensa. Mubina ta warware shi a tafin hannunta. Abin da ke ciki ya yi baƙi, ya yi laushi, ya zama kamar ruɓaɓɓen tumatirin da aka manta a gindin kwando. Ƙasa mai danshi da zafin bazara sun gama aikinsu.

Hashimu ya leƙo yana tambayar me ake yi.

"Ba komai, Gwaggo," in ji Mubina daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Laifina ne. Ni ya kamata in gaya miki, Baba na gaya wa." Ta sa abin a kwalbar duk da haka, ta wanke hannu, ta kama hanyar birni ba ta ko taɓa abincin da aka zuba mata ba.

Da ta dawo, fuskarta ta riga bakinta ba da labari. Ta ce sun gwada. Ta roƙi shugabanta, an ɗiga maganin a kan abin da ya rage, amma naman da ya ruɓe ba ya karantuwa. Ƙwayoyin duk sun narke, launi ya dame ko'ina kamar kunu, babu da'ira, babu tsakiya. Ta ja ubanta zuwa birni a wannan karon, bai yi gardama ba. Likita ya lallatsa shi, aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Ba a ga wata kaluluwar da za a iya cirowa ba. Maganin daji kuwa ba a ba mutum shi a kan zato, don shi kansa guba ne. Abin da ya rage shi ne jira.

"In wata ta sake fitowa, ko ina ne, ko ƙanƙanuwa ce, a kira ni a ranar," in ji Mubina. "Na roƙa an rage min ɗigo kaɗan a firji saboda Baba. Amma yana da wa'adi, ba ya daɗewa."

Hashimu shi kaɗai ne ya ji daɗin wannan hukunci. "To, alhamdulillahi! An cire, an binne, an gama. Ku kuke neman magana." Ya saɓa fartanya ya koma gona, don tumatir ya fara nuna kuma motocin kudu sun fara tsayawa a bakin titi.

Saude kuwa daga ranar ba ta ƙara zama daidai ba.

Abinci ya fita ranta. Ta zuba tuwo ta zauna tana kallonsa har ya huce. Matar da muryarta ke kaiwa gida uku in tana faɗa, yanzu sai an matso ake jin sallamarta. Aka kira ta haihuwa a gidan maƙwabciyarsu Baraka, ta je, ta karɓi yaro lafiya, amma da aka miƙo mata mabiyiya a ƙwarya sai ta ce wata ta je ta binne. Mata suka kalli juna. Daga nan in an aiko sai ta ce ƙafa ke damunta.

Abin da ya fi cin ta shi ne sallah. Ta ɗaga hannu ta rasa me za ta roƙa. Ta ce Allah kada wata ta fito? To in cutar na ciki tana cin sa a ɓoye fa, ba a sani ba? Ta ce Allah ya fito da wata a gwada? Wace irin 'yar'uwa ce ke roƙa wa ƙanenta ƙari a jiki? Sai ta sauke hannun ta yi ta kuka a kan dadduma. Da safe in Hashimu na shan koko, idonta na kan wuyansa. In ya juya hagu ta duba dama, in ya juya dama ta duba hagu, har abin ya fara ba shi haushi.

"Yaya, don Allah ki bar kallona haka, kamar akuyar da za a saya."

"Hashimu, in wani abu ya same ka, ni na kashe ka."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Ni na kashe ka da hannuna. Kuma ba zan daɗe a bayanka ba, ka sani."

Ya ajiye ludayin. Ya daɗe yana kallonta, yana kallon yadda zanenta ke neman zagaye ta sau biyu, yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito. Sannan ya tashi ya fita.

Bayan wannan sai ya canza. Kullum in ya dawo daga gona sai ya zo gabanta ya miƙa wuya da kansa, yana wasa. "Ga shi, likita, a duba." Ta shafa, ba komai sai tabon ɗinki. Yana sayo mata tsire a kasuwar Bunkure, ya zauna ya ce ba zai tashi ba sai ta cinye. Yana ba ta labarin gona, yadda tumatir ya yi yawa bana har ana shanya shi a bakin titi, yadda Dalhatu ya faɗa kanal da babur. Sannu a hankali Saude ta fara ci. Wata ya wuce, wani ya bi, wuya lafiya lau. Ta fara cewa a ranta wataƙila dai kaluluwar banza ce, wataƙila Allah ya rufa mata asiri. Ranar da ta daka wa wani yaro tsawa don ya taka mata shanya, maƙwabta suka ce to, Gwaggo ta dawo.

Azumi ya zo ya wuce. Ruwa ya sauka, aka yi dashen shinkafa. Hashimu ya rame, amma wa bai rame ba bayan azumi da aikin taɓo? Ya daina kawo rigunansa wanki, ya ce yana ɗauraye su a kanal, kada ya wahalar da ita. Ya daina ɗaukar buhu a kafaɗar hagu, ya ce tsufa ne. Saude ta ga duk wannan, amma wuya take dubawa, kuma wuya ba komai.

Mubina na zuwa duk ƙarshen wata. Ta lallatsa masa wuya da bayan kunne, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, hammata fa? Da sauran wurare?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, na duba." Iyakar abin da za ta iya ke nan. Duk ilimin 'ya, ba ta cewa ubanta ya tuɓe riga. Ta ce ya zo birni likita ya sake dubawa, ya ce sai an yi girbi. A zuwanta na ƙarshe ta gaya wa Saude a ɗaki cewa ɗigon da ta ajiye wa'adinsa ya cika, an zubar, kuma ba a san ranar da wani zai iso ba. "Amma tun da shiru, Gwaggo, ina ga mun tsira." Saude ta ce Allah ya sa, kuma a daren ta cinye tuwonta tas.

Ranar da abin ya bayyana, rana ce kamar kowace. Shinkafa ta nuna, ana shirin yanka. Hashimu ya saba dawowa gida kafin azahar, ranar bai dawo ba. Saude ta dama fura, ta zuba a kwano, ta yafa mayafi ta ce bari ta kai masa, ta ɗan miƙe ƙafa. Ta bi gefen kanal, ta ratsa gonar Dalhatu. Ba ta gan shi cikin shinkafa ba. Can ta hango shi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, bakin ƙaramar hanyar ruwa, ya ba ta baya. Ya tuɓe riga yana kamfatar ruwa da hannu ɗaya yana zubawa a jiki.

Rabon da ta ga bayansa tsirara tun yana saurayi. Ta tsaya cak. Haƙarƙarinsa duk a waje, ana iya bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar don ya zuba ruwa, sai ta gani. A hammatarsa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun dunƙule sun yi tsiri, kowace ta fi wadda aka cire. Ta wuyan riga ba a ganinsu.

Ta ajiye kwanon a ƙasa don kada ya suɓuce. Ƙarar ta sa ya waiwayo. Ya yi wuf zai jawo riga, sai kuma ya fasa. Ya san an riga an gani. Ta gabansa ma cikinsa ya ɗan kumbura ta gefe ɗaya.

"Hashimu."

"Na'am, Yaya."

"Tun yaushe?"

Ya kalli ruwan da ke wucewa. "Tun kafin azumi."

Tun kafin azumi! Lokacin da ɗigon maganin nan ke zaune a firji yana jiransa. Lokacin da yake miƙo mata wuya yana dariya, yana cewa likita a duba. Ta zauna daɓas a kan kunyar gonar, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yarinyar nan ta ce a kira ta a ranar. A ranar, Hashimu! A gabanka ta faɗa. Me ya sa? Me ya sa ka yi mana haka?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, a hankali, "Ranar da na fara jin ta a hammata, ranar ce kika cinye tsiren nan duka, har kika ce yaji ya yi kaɗan. Na ce bari in bari ki ɗan yi ƙwari tukuna. Da kika yi ƙwari kuma sai na ga kin fara dariya. Kullum in na ce yau zan faɗa, sai in tuna abin da kika ce za ki yi in wani abu ya same ni." Ya share fuska da tafin hannu. "Ni ban san uwa ba, Yaya. Ke na sani."

Saude ta buɗe baki, kuka ya ƙi fitowa. Wani irin baƙin ciki ne ya danne ta, wanda ba ta taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka fita da mijinta. Sau ɗaya ta cuce shi da rashin sani, shi ke nan ta ɗauka iyakarta ke nan. Ashe duk watannin nan da take kuka a gabansa tana ƙin abinci, ƙara cutar da shi take.

Can nesa injin ban ruwa na ta bugawa. Wasu tsuntsaye suka sauka cikin shinkafa, ba wanda ya kore su.

"Ba ni wayarka," in ji ta. "Nemo min Mubina."

Ya laluba aljihun rigar, ya ciro wayar, ya daddanna ya nemo sunan. Amma bai miƙa mata ba. Ya jawo kwanon furar da hannunsa mai lafiya, ya buɗe, ya tura shi gabanta.

"Za ki kira ta, ba zan hana ki ba. Amma ki fara shan wannan, Yaya. In kika ji abin da za ta ce, ba za ki sha ba."